Ya Mai Gidan Naki?

Assalamu alaikum. Ban taɓa rubuta wa mutane komai ba, aikina gyara abin da wasu suka rubuta ne, saboda haka in kun ga kuskure ku kau da kai. A madaba'a nake aiki. Kafin a buga shafi ni ake kawo wa, in bi shi layi-layi da jan biro, in kamo harafin da ya faɗi, in raba kalmomin da suka manne. Oga yana yawan cewa ko ɗigo bai isa ya wuce ni ba. Amma wallahi kalmomi sun wuce ni a waya, daga bakin mahaifiyata, kuma su ne suka sa ni wannan rubutun.

Mu biyu ne a wurin Inna, Yaya da ni. Auta ake ce mini. Baba ya rasu shekara shida ke nan. Wata bakwai da suka wuce Inna ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Wata biyu ta yi a asibiti. Magana ta dawo mata a hankali, amma tunaninta ya zama kamar littafin da aka yage wa shafuka a tsakiya. Za ta gaya miki kalar rigar da Baba ya sa ranar da aka haife ni, amma ki tambaye ta ko ta sha shayi da safe, sai ta kalle ki ta yi murmushi.

Tana asibiti na samu aikin. Daga gidanmu zuwa madaba'a tafiyar awa uku ce a mota, in je in dawo. Na yi ta yi har na fara barci a tsaye. Da aka sallami Inna, Yaya ta ɗauke ta zuwa gidanta, ta ce mini, "Auta, ki kama haya kusa da wurin aikinki. Kin ga idonki kuwa? Kar in zo ina jinyar mutum biyu." Dangi sun yi surutunsu, wai budurwa da zaman haya. Yaya ta ce duk mai magana ya zo ya riƙa kai ni aiki a bayansa. Nan surutun ya mutu.

A jikin bangon wani shago na ga takardar: "Ana neman 'yar'uwa mace da za a raba daki. Banda mai surutu, banda mai yawan baƙi." Haka aka rubuta, daki, babu ƙugiya. Ban san lokacin da na zaro jan birona na sa masa ƙugiyarsa ba, sannan na kwafi lambar.

Wadda ta buɗe mini ƙofa doguwa ce, ta girme ni da kamar shekara biyar, da farar riga ta ma'aikatan jinya. Ta dube ni daga tabarau har takalmi, ta dubi biron da ke maƙale a jakata.

"Ke ce kika yi mini maki a takarda?"

Na ce, "Ki yi haƙuri, hannuna ne ya saba."

"To shigo, Malama. Nawa na ci?"

Kowa a gidan Sista yake ce mata, ni ma na bi. Gida ne mai ɗaki shida, famfo ɗaya a tsakar gida, da igiyar shanya da ake rigima a kanta duk Asabar. Namu ɗakin yana lungu. Katifa biyu a ƙasa, an ja waya daga bango zuwa bango an rataya labule mai ruwan toka a tsakani. Ɓangaren taga nata ne, ɓangaren ƙofa nawa. Risho ɗaya, ƙaramin firiji ɗaya, saman nata ƙasan nawa. Fararen rigunanta a jikin ƙusa, littattafaina a kwali uku da na ɗora wa zani na mai da su tebur. Ranar na fara sayen bokiti da kaina. Na tsaya a shago ina juya shi, sai na ji hawaye, don duk bokitin da na taɓa wanka da shi Inna ce ta zaɓo.

Zama da baƙuwa sai an koya. Sista tana barci da rana in ta dawo daga aiki, sai na koyi buɗe shafi ba tare da ƙara ba. Ni kuma ina magana ni kaɗai in ina karatu, sai ta ɗago labule ta ce, "Malama, ke da wa?" Mai gidan da muke haya wani dattijo ne da ya bar aiki, kullum da sifana a aljihu, yana zagaye yana ɗaure famfo. Ba shi da faɗa, sai fa in ya ga fitilar waje a kunne da rana.

Sai kuma shi. Ai kun san akwai shi. Shagon tabarau yake da shi, a can na san shi ranar da hannun tabarauna ya karye, shekara biyu ke nan. Mutum ne mai sanyi. Duk inda muka haɗu, kafin gaisuwa ta ƙare ya miƙo hannu ya ce, "Kawo in goge miki, ta yaya kike gani da wannan?" Inna ta san shi, ya sha zuwa gaishe ta kafin ta kwanta. Amma da an zo maganar da kowa yake jira, amsarsa ɗaya ce: "Ki ƙara haƙuri, sai na zauna da Babana." Sati biyu da zuwana Sista ta raɗa masa suna.

"Malama, wayarki tana ƙara. Sai Gobe ne."

Na ce ba sunansa ba ne. Ta ce sunansa ne, iyayensa ne dai ba su lura ba.

To, wata Lahadi da hantsi ina tsugune a bakin famfo ina wanki, wayata ta yi ƙara. Lambar Yaya ce, amma muryar Inna na ji, a hankali, tana jan kalmomin kamar yadda take yi yanzu.

"Auta."

"Na'am, Inna. Ina kwana? Ya jikin?"

"Da sauƙi. Ashe kina ɗakinki."

"E, Inna, ina ɗakina."

Na ji tana jan numfashi. Ta ce, "Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Ɗakin yana da kyau?"

"Ba laifi, Inna. Ƙarami ne, amma iska tana shigowa."

"Haka ake farawa. Ya mai gidan naki?"

Ina matse zani, kumfa har gwiwar hannu, wayar a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Kuma a daidai lokacin dattijon yana gabana yana ɗaure bakin famfo. Na ce, "Lafiya lau yake, ga shi nan ma yana gyara famfo."

"Yana da kirki?"

"Sosai, Inna. Ranar da na zo shi ya kama mini kwalayen littattafai."

"Bai hana ki karatunki ba?"

Na yi dariya na ce, "Ina ruwansa da karatuna?"

"Ba ya faɗa?"

"Sai dai in an bar fitila a kunne."

Sai Inna ta yi dariya. Ku fahimce ni, wata bakwai ban ji dariyar nan ba. Ta ce, "Haka Babanku yake. Haka yake wallahi. Allah ya ba ku zaman lafiya, Allah ya sa ɗakinki ne har abada."

Na ce amin. Ni da hankalina na ce amin. Na ajiye wayar ina jin daɗi, ina tunanin Inna ta samu sauƙi tunda har tana tambayar wurin zamana.

Ban gama shanya ba Yaya ta kira, tana magana ƙasa-ƙasa, da alama daga kicin.

"Ke Auta, me kika gaya wa Inna?"

"Me na ce?"

"Ta tambaye ni ina kike, ina tsakiyar yi wa yara wanka, na ce kina ɗakinki. Ni hayar nake nufi, ai sau uku ina yi mata bayani tana mantawa. Yanzu ga ta tana gaya wa maƙociyata wai an yi aurenki tana asibiti, wai mai gidanki yana gyara miki famfo!"

Zanin da ke hannuna ya faɗi a ƙasa. Ɗaki. Mai gida. Ni da ake biya don in san cewa kalma tana da fuska biyu.

Na ce, "Yaya, ba ta wayar in gyara."

"Tsaya." Sai na ji muryarta ta karye. "Ta cinye abincinta, Auta. Tas. Har ta ce a ƙara. Tun da ta kwanta ban ga haka ba. Ta ce in ɗauko mata madubi."

"To ya za mu yi?"

"Mu bar ta. Wataƙila gobe ta manta."

Ba ta manta ba. Inna da ke manta ko ta sha magani, wannan ɗayan ta riƙe shi kamar da shi aka haife ta. Kullum da hantsi sai ta sa an kira ni. Ya mai gidan? Ya fita? Me kika dafa masa? Na riƙa bin tsakanin kalmomi kamar mai tsallake kwata. Ya fita, Inna. Yana lafiya, Inna. Ban yi ƙarya ba, nake gaya wa kaina, dattijon ai ya fita, kuma lafiyarsa ƙalau. Amma in na ajiye wayar sai in ji bakina yana ɗaci.

Yaya kuwa ta juyo kaina. Saƙo bayan saƙo. "Ki yi wa mutumin nan magana." "In zai yi ya yi yanzu, ƙaryar ta zama gaskiya." "Shekara biyu fa, Auta, ko ginin bene ne ai ya ci a ce an yi rufi."

Na rubuta masa. Na goge sau huɗu kafin in tura, na gaya masa komai, har da famfon. Ya karanta nan take. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta ɓace. Can sai ga shi: "Innalillahi. Allah ya ba Inna lafiya. Bari in yi tunani." Daga nan shiru. Kwana tara ina duba waya har Oga ya kama kuskure biyu a shafin da na sa wa hannu. Bai yi faɗa ba, ya ce, "Lafiya kuwa?" Da ya yi faɗan ya fi mini sauƙi.

A rana ta goma Yaya ta kira ta ce ranar Alhamis za su kawo Inna ganin likita, kuma asibitin bai da nisa da mu. "Ta rantse ba za ta koma gida ba sai ta ga ɗakinki. Na yi dabara har na gaji."

Na zauna a kan katifa na fashe da kuka. Sista ta yaye labulen, ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Wato Baba mai sifana kika aura ba ki gayyace ni ba." Na yi dariya cikin kuka har na shaƙe. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Na yi jinyar irinsu da yawa, Malama. Ba zan ce miki ki yi ko kar ki yi ba. Amma in za ki yi, ba za a kawo uwarki ta ga ɗaki kamar na 'yan makaranta ba."

Ranar Alhamis ta fasa barcinta. Muka kwance labulen, muka ɗora katifata a kan tata ta yi tudu kamar gado, ta shimfiɗa sabon zanin gadonta mai furanni da ba ta taɓa amfani da shi ba. Fararen rigunanta ta cusa a akwati. Ta fita, sai ga ta da takalmin maza baƙi, sawu ciki, dugadugansa sun cinye ta gefe.

"Na ce wa Baba mai sifana za a goge masa. Har godiya ya yi." Ta ajiye su a bakin ƙofa, ta ja baya ta dube su. "Ni kuma maƙociya ce, kin ji? Kar ki ce mini Sista."

Na sa doguwar rigata mai ruwan ƙasa, na ɗaura ɗankwali har sau uku bai zauna ba.

Bayan azahar suka iso. Yaya ta riƙo ta ta dama, ni ta hagu. Inna ta rame, amma ta sa kwalli, ta yafa farin mayafinta na fita unguwa. Idon Yaya kuwa ya yi ja. Na tambaye ta da ido me likita ya ce, ta kau da kai. A bakin ƙofa Inna ta tsaya ta dubi takalman, ta yi murmushi da rabin bakinta, ta kewaye su don kar ta taka.

Muka zaunar da ita a kan katifa. Ta shafa zanin gadon da hannun hagu, ta dubi risho, ta dubi kwalayen littattafai. "Ya bar miki su," ta ce. "Yaron kirki." Ta sa Yaya ta buɗe jaka ta fito da wani ƙunshi a tsohon tawul. Kofunan shayi ne shida, farare masu zanen shuɗi, waɗanda tun ina ƙarama suke saman kabad ba a taɓa su. "Naki ne. Na yi ta jira."

Sista ta kawo ruwa, ta gaishe ta, ta juya da sauri ta fita. Sai Inna ta ce wa Yaya, "Ba mu wuri."

Muka rage mu biyu. Ta kama hannuna. Ta daɗe tana haɗa maganar.

"Auta, ciwon nan ya cinye mini abubuwa. Na haƙura da su. Amma ranarki..." Ta matse hannuna. "Kullum in na kwanta sai in neme ta a kaina. In bi nan, in bi nan, ban same ta ba. Ko rigar da kika sa ban gani ba. Ina jin kunyar tambayar Yayarki, kar ta ce wace irin uwa ce wannan. Ke mai karatu ce, kin iya labari. Ba ni labarin ranar. Ni ina wurin kuwa? Wa ya riƙe miki hannu? Na yi miki faɗa? Na yi kuka?"

Na dubi Inna. Kwana da kwanaki muna cewa mun ba ta farin ciki, ashe duk kwanakin nan tana kwance ita kaɗai tana neman ranar da babu ita, tana zargin kanta. Kuma da na so, da na iya. Rigar tana kaina, kalarta, har inda Inna za ta zauna. Shekara biyu ina tsara ranar nan. Wayata ta yi ƙara a kan kwali, na kife ta ban duba ba.

Na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, ba ki manta ba."

Ta dube ni.

"Ba ki manta komai ba. Ranar ce ba ta zo ba tukuna. Wannan ɗakin haya ne, saboda aiki na kama. Mu biyu ne a ciki, ni da wadda ta kawo miki ruwa. Ni ce ban fahimce ki ba a waya, da na fahimta kuma na ji tsoro. Ki yafe mini."

Hawaye ya gangaro mata ta ido ɗaya. Na jira ta saki hannuna, ba ta saki ba.

"Ba a yi ba," ta ce.

"Ba a yi ba, Inna."

"Ban rasa ba ke nan."

"Ba ki rasa ba."

Ta sauke wani dogon numfashi. Can ta juya ta dubi ƙofa. "To takalmin wa na kewaye?"

"Na mai gida ne." Na ji abin da na faɗa, na yi maza na ce, "Mai gidan hayar, Inna. Tsoho ne, ya yi jika da ni."

Kafaɗarta ta hagu ta fara rawa. Ban san ko dariya take ko kuka ba, ni ma ban san wanne nake yi ba, na dai kifa kaina a cinyarta, tana shafa ɗankwalin da ya ƙi zama. Ta ce, "Ki riƙe kofunan. Ki ba abokiyar zamanki shayi a ciki, 'yar mutane ta ba ki zanin gadonta." Sannan ta sunkuyo, ta yi ƙasa da murya kamar mai faɗin sirri. "Na ji abin da likita ya gaya wa Yayarki. Suna zaton ba na ji. Ki gaya wa yaron nan mai tabarau zan jira. Zan yi ƙoƙari in jira. Amma kar ya daɗe."

Da suka tafi, Sista ta mai da wa dattijo takalmansa, a goge. Muka raba katifu, muka mai da labule. Ta wanke kofi biyu ta ɗora ruwan zafi. Sai a lokacin na juya wayata.

Shi ne. Bayan kwana goma sha biyu. Layi ɗaya ne ya fito a saman fuskar wayar, sauran ya yanke:

"Na zauna da Baba yau. Ya ce sai…"

Sista ta leƙo ta kafaɗata, ta karanta, wannan karon ba ta yi tsokana ba. Ta ajiye mini shayi a kofin Inna ta ce, "Buɗe mana, Malama."

Shayin ya huce. Ni da nake karanta shafi ɗari a rana, na kasa buɗe saƙon in karanta kalmar da ke bayan "sai".